Darasin Wata: Sanin Asalin Gidanmu Daga Littafin Baftisma da Bakin Tsofaffi



Kusan kowace shekara, ran 17 ga Disamba, sa'ad da Kirsimati ta rage kwana takwas, Ikilisiya takan sa mu saurari farkon Bishara ta hannun Matiyu, wato jerin sunayen kakannin Ubangijinmu Yesu. Na sha lura da jama'a a wannan rana. Mai karatu yana fama da sunayen da harshensa bai saba da su ba, yara suna ƙunshe dariya, manya kuwa suna jira a kai ƙarshe. Da yawa a cikinmu mun ɗauka cewa wannan shafi ba shi da abin da zai koya mana. Darasinmu na wannan wata a kansa zai tsaya, zai kuma kai mu ga aikin da ke jiran kowane gida, musamman gidajen 'yan'uwanmu na Talata Mafara, da Bakura, da Maradun. Kafin a fara, katekis ya karanta wa jama'a Matiyu 1:1-17 da Ezra 2:59-63.

1. Saurayin da ya rasa katinsa

Bari in fara da abin da ya faru a gabana. Wani saurayi mai gyaran babura a Talata Mafara ya zo da maganar aure. Na tambaye shi katin baftismarsa, sai ya sunkuyar da kai. Katin yana cikin akwatin mahaifiyarsa, akwatin kuwa an baro shi a ƙauye a daren da suka gudu saboda harin 'yan bindiga, ba wanda ya sāke komawa. Uwar ta rasu, uban ya riga ta. Abin da saurayin ya sani game da asalinsa bai wuce cewa kakansa ya zo daga kudancin Kaduna aikin lebura lokacin ginin madatsar ruwa ta Bakolori ba, ya zauna, ya kama noma. Bai san sunan ƙauyen kakan ba, bai san Fadan da ya yi masa baftisma ba, ko shekarar haihuwarsa ma bai tabbatar ba.

Muka nemo gwaggonsa, yayar ubansa. Ta ce an haife shi da kaka, shekarar da aka ba mu jiha, aka yi masa baftisma da Kirsimatin wannan shekara, ta kuma faɗi sunan matar da ta riƙe shi a gaban bagade. An ƙirƙiro Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba, 1996, saboda haka muka buɗe littafin 1996. Muka bi shi layi layi, ba mu ga sunansa ba. Sai muka bar neman sunan yaro, muka koma bin sunayen iyayen baftisma, muka ƙetare zuwa 1997. A can, a lokacin Ista, muka iske sunan matar nan, ga yaron a gefenta. Wanda ya cika littafin ya rubuta laƙabin uban a maimakon sunansa na yanka, shi ya sa muka wuce shi da fari ko da mun duba.

Ku lura da abin da ya faru. Gwaggo ta kuskure a kan rana, littafi ya gyara mata. Littafi ya kuskure a kan suna, gwaggo ta gyara masa. Da ɗaya kaɗai muke da shi, da ba mu kai ga gaskiya ba. Wannan shi ne jigon darasinmu: tarihin gida a kan ƙafa biyu yake tafiya, rubutu da tunanin tsofaffi, dukansu kuwa suna iya ɓacewa in ba a haɗa su tun da wuri ba.

Wannan ƙasa tamu ta fi wasu bukatar jin haka, gama sau biyu cikin shekara hamsin aka tumɓuke mutanenta daga mazauninsu. Na fari ruwa ne. Da aka kammala madatsar Bakolori a kan Kogin Sakkwato a 1978, tafkin da ya taru ya rufe fili kimanin hekta 8,000, aka tashi dubban mutane a ƙasar Maradun zuwa sababbin matsugunai, gonakin Mafara da Bakura kuma aka sāke yanka su domin noman rani. Rigimar diyya da ta biyo baya ita ta kai ga zubar da jinin manoma a Birnin Tudu a watan Afrilu, 1980. Na biyu bindiga ce, wadda ta kori ƙauyuka masu yawa zuwa cikin garuruwa tun bayan shekara ta 2011. Ƙauye kansa littafi ne. Kukar da ke kan iyakar gona, rijiyar da kaka ya haƙa, kushewar da ake nuna wa yaro, duk suna tuna wa mutane ko su wane ne. In aka bar ƙauye, wannan littafi ya rufe, sai abin da ya rage a kan tsofaffi da cikin takarda.

2. Abin da Littafi Mai Tsarki ya koya mana

Mutanen Allah ma an taɓa tumɓuke su. Urushalima ta faɗi a hannun Babila wajen shekara ta 587 kafin haihuwar Kristi, aka kwashe jama'a zuwa bauta, sai a 538 sarki Sairus ya ba su izinin komawa. Sura ta biyu ta Littafin Ezra jerin waɗanda suka komo ne, gida gida. A ƙarshen jerin akwai mutanen da suka kāsa nuna gidan ubanninsu, har da gidaje uku na firistoci, wato zuriyar Habaya, da Hakkoz, da Barzillai. Suka nemi sunayensu a littafin asali ba su samu ba, aka dakatar da su daga aikin firist da cin abinci mafi tsarki, sai ranar da za a sami firist da zai nemi nufin Allah a kan maganarsu.

Abu uku za mu lura da su a nan. Na ɗaya, an faɗa mana abin da ya faru da gidan Barzillai: kakansu ya auri 'yar Barzillai mutumin Gileyad, aka riƙa kiransa da sunan surukinsa. Canjin suna guda ya rikitar da jikokinsa, kamar yadda laƙabi ya kusa ɓatar da saurayinmu. Na biyu, an maimaita wannan jeri a sura ta bakwai ta Littafin Nehemiya, amma waɗanda suka kāsa nuna asalinsu 652 ne a Ezra, a Nehemiya kuwa 642. Hannun mai kwafi yakan zame, ko a aiki mai tsarki, saboda haka kada mu yi mamaki in mun ga takardunmu biyu sun saɓa. Na uku, ba a kore su daga cikin jama'a ba. Daga baya ma mun ga Meremot ɗan Uriya, jikan Hakkoz, yana cikin masu ginin garun Urushalima a Nehemiya sura 3, a Ezra 8:33 kuwa a hannunsa aka auna azurfa da zinariyar Haikali. Wannan ya sa masana da yawa suke ganin an mayar wa gidansa da matsayinsa.

Yanzu mu komo ga Matiyu. Ya raba jerinsa kashi uku, kowane kashi tsara goma sha huɗu: daga Ibrahim zuwa Dawuda, daga Dawuda zuwa bautar Babila, daga bauta zuwa Kristi. Domin lissafin ya daidaita ya tsallake sarakuna uku, Ahaziya, da Yowash, da Amaziya, waɗanda muke iske su a 1 Tarihi sura 3. Luka kuwa, a sura ta uku, ya bi hanya dabam. Ya faro daga Yesu ya yi baya har zuwa Adamu, ya bi ta kan Natan ɗan Dawuda, alhali Matiyu ya bi ta kan Sulemanu. Ikilisiya ta karɓi jerin biyu, ba ta share ɗaya domin ɗayan ba, gama kowannensu yana da gaskiyar da yake shelarta: Matiyu yana nuna Yesu ɗan Dawuda ne, magājin alkawarin Ibrahim, Luka kuma yana nuna shi ɗan'uwan dukan 'yan adam.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne waɗanda Matiyu bai ɓoye ba. Kafin ya kai ga Budurwa Maryamu ya ambaci mata huɗu. Tamar ta haifa wa surukinta Yahuza. Rahab karuwa ce a Yariko. Rut baƙuwa ce daga Mowab, talauci ya sa ta kala a gonar wani. Ta huɗun ko sunanta bai kira ba, ya ce da ita matar Uriya, domin kada a manta da zunubin Dawuda. Manassa ma, sarkin da ya cika Urushalima da gumaka da jini, yana cikin jerin. Ɗan Allah bai ji kunyar shiga irin wannan gida ba. To, wane ne a cikinmu zai ji kunyar nasa?

3. Ƙafa ta fari: abin da aka rubuta

Ajiye sunayen jama'a tsohon aiki ne a Ikilisiya. Babban taron Bishop-bishop da aka yi a birnin Trento na ƙasar Italiya ya umarta a 1563 a riƙa rubuta aure da baftisma a kowane paris, a 1614 kuma Paparoma Bulus na Biyar ya ƙara da littafin Ƙarfafawa da na mamata. Kundin Dokokin Ikilisiya na 1983, wanda muke aiki da shi, ya riƙe wannan a doka ta 535. Doka ta 877 ta faɗi abin da za a rubuta ranar baftisma: sunan wanda aka yi wa, da na iyayensa, da na iyayen baftisma, da na wanda ya yi baftismar, da wuri da rana, da kuma ranar haihuwa da wurinta. Layi ɗaya ke nan, amma ya ƙunshi tsara biyu da maƙwabtansu.

Littafin baftisma kuwa yana bin mutum har ƙarshen ransa. In ya karɓi Ƙarfafawa, ko ya yi aure, ko an naɗa shi firist, ko ya yi wa'adin zama Sista ko Burada na har abada, akan aika da labari zuwa inda aka yi masa baftisma, a rubuta a gefen sunansa. Shi ya sa Fada yakan nemi sabuwar takardar shaida kafin aure, ko da tsohon kati yana hannu. Ba wahalar da ku ake so a yi ba. Sabuwar takarda ce take nuna ko mutum yana da wani ɗauri a kansa.

Ina za a nema? A inda aka yi baftismar, ba a inda mutum yake zaune yanzu ba. In a ƙaramin coci na ƙauye aka yi ta, sunan yana littafin babban paris da Fada yake fitowa a wancan lokaci. A nan sanin tarihin Dayosis yana da amfani. Kafin 1953 wannan yanki yana ƙarƙashin Kaduna, inda fadoji na ƙungiyar SMA suke aiki. A 1953 aka keɓe yankin Sakkwato aka danƙa shi ga fadoji 'yan Dominikan daga Amurka, waɗanda suka kafa aikinsu a Gusau, a 1964 kuma ya zama cikakken Dayosis, da Edward Lawton a matsayin Bishop na fari. Saboda haka wanda yake neman tsohuwar baftisma ta wannan yanki, ya dace ya fara tambaya a cocin Uwargidanmu ta Fatima da ke Gusau. Wanda iyayensa suka fito daga Zuru ko Yelwa, ya sani an keɓe yankin Kontagora tun 1995. Wanda nasa suka fito daga Malumfashi ko Funtuwa, suna cikin Dayosis na Katsina tun 2023. Mutanen kudancin Kaduna kuwa, da yawansu Dayosis na Kafanchan za su nufa, wanda aka kafa a 1995. Ku roƙi Fadanku ya rubuta muku wasiƙa. Doka ta hana a ba kowa littafin ya tafi da shi, amma ana cire muku abin da ya shafe ku a ba ku da hatimin paris.

In littafin ya ƙone, ko gara ta ci shi, ko an manta ba a rubuta ba fa? Ikilisiya ba ta rufe ƙofa ba. Doka ta 876 ta ce, muddin ba wanda za a cuta, shaidar mutum ɗaya amintacce ta isa ta tabbatar da baftisma, ko rantsuwar mutumin da kansa in da girmansa aka yi masa. Kun ga ke nan dokar Ikilisiya da kanta tana girmama bakin tsoho mai gaskiya.

Ban da na coci, akwai wasu takardu da ya kamata a tattara: takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda dokar 1992 ta ɗora wa rajistar haihuwa da mutuwa, da rajistar makarantar firamare, da takardun fansho na tsohon soja ko ɗan sanda ko ma'aikaci, da rasitin haraji, da takardun diyya ko na rabon fili na zamanin Bakolori, da tsofaffin hotuna da abin da aka rubuta a bayansu. Mai son zurfafa bincike yana iya zuwa Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ko Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, sai dai ya sani takardun can sun fi maganar garuruwa da hakimai a kan talakawa. A yi hattara da shekarun da ke rajistar makaranta. A dā akan sa yaro ya ɗora hannu ta bisa kansa, in ya taɓo kunne a ce ya isa shiga aji, malami ya yanka masa shekara. Haka nan takardar rantsuwar shekaru ta kotu, sau da yawa kintace ce.

4. Ƙafa ta biyu: abin da aka riƙe a ka

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. A fadar Sarkin Mafara, da ta Sarkin Burmi na Bakura, da ta Sarkin Kaya na Maradun, akwai makaɗa da maroƙa da dattawa masu jero sarakuna da ka. Talaka ba shi da maroƙi. Maroƙinsa ita ce kakarsa, ko gwaggo, ko kawu, ko tsohon katekis. Amma tambayar tsoho tana da ladabinta da dabararta.

Tsoho ba ya lissafi da kalanda, da aukuwa yake yi. Kada ka ce, “Kaka, a wace shekara?” Ka ce, “Me ake ciki a lokacin?” Ga wasu turaku da za su taimake ku ɗaure labari:

1903: Turawa suka ci Sakkwato.
1914: babbar yunwar da ake kira Kakalaba.
1929: layin dogo ya kai Ƙauran Namoda.
1960: samun mulkin kai.
1966: kisan Sardauna, da rikicin da ya sa mutanen kudu da yawa suka bar Arewa.
1967 zuwa 1970: yaƙin basasa.
1973: naira da kobo suka maye gurbin fam da sule, ana cikin babban fari.
1976: aka fara karatun firamare kyauta ga kowa.
1978: aka kammala madatsar Bakolori.
1982: Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya zo Kaduna a watan Fabrairu.
1996: aka ƙirƙiro Jihar Zamfara.
2021: aka rufe kasuwannin mako da layukan waya a jihar a watan Satumba.

Sunaye ma shaidu ne. Talatu da Ɗantala ran Talata aka haife su, Ladi da Ɗanladi ran Lahadi, Jummai da Ɗanjuma ran Juma'a. Tanko yana gaya maka mata ne suka riga shi, Kande kuwa maza. In ka ji Gambo, ka tambayi tagwayen da ya biyo, ko da ba wanda ya ambace su, gama mai yiwuwa sun rasu suna jarirai. Zanen fuskar kaka yana iya nuna ko Bazamfare ne, ko Bagobiri, ko Bakabe. Mutum guda kuma yana iya zama da suna huɗu: na yanka, da laƙabi, da na baftisma, da sunan garin da aka liƙa masa a makaranta. A rubuta dukansu.

Akwai kuma alkunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace ba ta kiran sunan mijinta ko na surukinta. Kada ka matsa wa tsohuwa ta karya abin da ta riƙe shekara sittin. Ka tambayi ƙanwarta ko maƙwabciyarta. Ka kuma nace da neman sunayen mata. Mun saba jero maza mu bar iyaye mata, har ya zama mutum ya san kakan kakansa na wajen uba, bai san sunan wadda ta haifi uwarsa ba. Manzo Bulus, da yake tuna wa Timoti tushen bangaskiyarsa a 2 Timoti 1:5, sunan kakarsa Loyis da na uwarsa Afiniki ya kira.

Gidajenmu da yawa suna da dangi Musulmi, wasu kuma kakanninsu a kan al'adar gargajiya suka rasu. Ku je wurinsu da gaisuwa da goro, ba da gardama ba. Jini ɗaya ne, sau da yawa kuwa su ne suka zauna a tushe suka riƙe labarin da mu muka yar. Zumunta a ƙafa take.

5. Amfanin wannan aiki

Na fari, saboda aure. Doka ta 1091 ta hana aure tsakanin mutum da wanda ya fito daga tsatsonsa, kome nisa, ta kuma hana shi tsakanin dangi na jini har zuwa mataki na huɗu. Ga yadda ake ƙirgawa: a nemo kakan da ya haɗa su, a ƙirga mutanen da ke ɓangarorin biyu ban da shi. Wa da ƙanwa mataki na biyu ne. Kawu da 'yar ƙanwarsa na uku. 'Ya'yan wa da ƙane, ko taubasai, na huɗu. Auren zumunci irin na taubasai sananne ne a ƙasar Hausa, amma ga Katolika ba ya ɗauruwa sai Bishop ya ba da izini bisa dalili. Tsakanin wa da ƙanwa kuwa ba mai ikon ba da izini. Yanzu da gudun hijira ya warwatsa dangi, yara suna tashi a unguwannin gari ba su san juna ba, wannan bincike ya zama dole. Sanin cututtukan da ke bin jini a gida, kamar amosanin jini, shi ma yana cikin shirin aure na gari, tare da gwajin asibiti.

Na biyu, saboda adalci. Ranar da Allah ya kawo zaman lafiya aka koma ƙauyuka, maraya da gwauruwa za su bukaci wanda zai ce wannan gonar ta wane ce, ta yi iyaka da ta wane. In masu sani sun rasu ba a rubuta ba, mai ƙarfi ne zai ci.

Na uku, saboda addu'a. A watan Nuwamba muna kawo sunayen mamatanmu a bagade. Yaya za mu roƙa wa wanda muka manta da sunansa jinƙai? Allah ya san su, amma ƙauna tana so ta kira suna.

6. Gargaɗi

Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti da Titus a kan jayayyar asali marar iyaka, wadda ba ta haifar da kome sai gardama. A duba 1 Timoti 1:4 da Titus 3:9. Yohanna Mai Baftisma ma ya tsauta wa masu taƙama da cewa su zuriyar Ibrahim ne. Saboda haka kada wani ya ƙirƙiro wa kansa jinin sarauta, kada kuma ya share kakan da aka kamo bawa, ko wanda ya yi tsafi, ko wanda aka haifa ba aure. Kada a ɗauki abin da aka gano a gidan wani a mai da shi abin gori a kasuwa ko a Zumuntar Mata. In ka tono asirin da zai ƙona rayayye, ka kai wa Fada ku yi shawara kafin ka buɗe baki. A cikin coci ba ɗan gari ba baƙo, ba ɗa ba bawa. Layin da aka rubuta sunan ɗan hakimi a littafin baftisma, faɗinsa ɗaya da na ɗan lebura.

7. Aikin da za a yi kafin Kirsimati

Kowane gida ya sayi littafin rubutu mai kauri guda ɗaya. A ba kowane mutum shafinsa, a fara da masu rai, a yi baya. A rubuta dukan sunayensa, da na uwa da uba, da garin haihuwa, da inda aka yi masa baftisma da aure, da inda aka binne shi in ya rasu. A gefen kowane bayani a nuna inda aka samo shi: daga kati ne, ko daga bakin wa, a wace rana. In baki biyu sun saɓa, a rubuta dukansu, kada a zaɓi wanda ya fi daɗi. A fara da wanda ya fi kowa tsufa, a cikin makon nan, gama ba a yi mana alkawarin za mu same shi baɗi ba. Matasa masu waya su ɗauki muryarsa da izininsa, su kuma ɗauki hoton kowane kati su aika wa ɗan'uwa a wani gari. Katunan kansu a sa su a leda, a ajiye inda hannu zai kai da sauri. Iyayen da suka yi wa 'ya'yansu baftisma kuwa, kada su bar coci sai sun duba an rubuta sunayen daidai.

Saurayin nan an ɗaura aurensa. Kafin ranar, gwaggonsa ta tuna da sunan ƙauyen kakansa, ya rubuta shi a shafin farko na littafin gidansa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa Matiyu bai ɓoye Tamar, da Rahab, da matar Uriya ba? Wa muke ɓoyewa a gidajenmu?
2. Sunayen kakanninka huɗu, nawa ka sani? Wa zai iya gaya maka sauran?
3. Ina katin baftismarka yake a yau? A wane paris aka rubuta ka?
4. Ta yaya za mu taimaki marayu da 'yan gudun hijira na cocinmu su sami shaidar baftismarsu?

Addu'a

Ya Allah na Ibrahim, da Ishaku, da Yakubu, kai da ka yarda Ɗanka ya shiga zuriyar 'yan adam da dukan rauninta, mun gode maka saboda iyayen da muka fito ta wurinsu. Ka ji ƙan waɗanda suka riga mu, waɗanda muka san sunayensu da waɗanda kai kaɗai ka sani. Ka komo da korarru gidajensu, ka ba ƙasarmu ta Zamfara salama, ka kuma sa sunayenmu su tabbata a littafin rai. Mun roƙa ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.